Haƙƙin Kwaɗo a Kan Wanda Ya Tsare Shi

  

Ya ƴan uwa Musulmi, mun san wasu za su ga wannan take su yi murmushi, su ce ashe an gama maganar tsadar hatsi da tarbiyyar iyali, har an gangaro kan kwaɗo. Muna roƙon su yi mana haƙuri su karanta zuwa ƙarshe. Abin da ya jawo maganar kuwa shi ne, a damanar da ta wuce, bayan sallar la'asar, muka tarar da wasu yara a bayan masallacin unguwarmu sun kewaye wani gwangwanin tumatir. Sun huda murfinsa da ƙusa, sun zuba ɗan ruwan pampo da ɓarɓashin tuwo, kwaɗo na ciki yau kwana uku. A ganinsu gida suka yi masa. Wani dattijo ya ce su sake shi, yana shan azaba. Wani saurayi da ya yi nisa a karatun lekol ya ce kwaɗo bai san azaba ba, jijiya ce kawai ke motsa shi. Ɗaya daga cikin yaran kuma, da idonsa ya kawo ruwa, ya ce ai abokinsa ne, kullum yana shafa bayansa, kwaɗon ma ya san shi. Aka watse kowa na kan bakansa. Mu kuwa muka ga mas'ala ce da ta cancanci a zauna mata, domin a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta shafi jakin da ke ƙofar gida, da tantabarun da ke ɗaki, da ragon da ake turkewa wata shida ana jiran layya: shin dabba tana jin tsoro da ƙunci da natsuwa? Idan kuma ba mu da tabbas, mene ne ya hau kan wanda ya tsare ta?

Mu fara da sanin wanda ake magana a kansa. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Da fatarsa yake tsotsa, musamman fatar ƙasan cikinsa, kuma da wannan fata yake samun wani kaso na numfashinsa. Saboda haka duk abin da ke cikin ruwan da ya zauna a kai yana ratsawa zuwa jininsa: sabulu, gishiri, kananzir, da sinadarin kulorin da ake zuba wa ruwan pampo don a kashe ƙwayoyin cuta. Abin da ke tsare lafiyar ɗan Adam yana iya cutar da shi. Jikinsa ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu. Idan rana ta yi zafi sai ya nemi laka ko ƙarƙashin ganye, idan sanyi ya yi yawa ya matsa inda ɗumi yake, haka yake yini yana sauya wuri. Mafi yawan kwaɗi ba sa kama abinci sai sun ga yana motsi, don haka tuwon nan da yara suka zuba masa bai fi tsakuwa ba a wurinsa. A ƙasarmu kuwa, da ruwa ya ɗauke, wasu nau'o'insu sukan nutsa cikin ƙasa su kwanta watanni, har ruwan farko ya sauka su fito cikin dare su cika tabki da kuka. Kukan nan na maza ne, mata suke kira.

To ku dubi gwangwanin nan da wannan ido. Ƙarfe ne da ke ɗaukar zafin rana, babu inuwar da za a koma, babu ƙasar da za a tona, ruwa na gurɓacewa da kashinsa, shi kuma yana tsotsar ruwan. Hannun da ke shafa shi don ƙauna yana ɗauke da gumi da mai. Yaron nan bai nufe shi da mugunta ko kaɗan ba, amma kyakkyawar niyya ba ta sanyaya ƙarfe.

Kada a zaci tsare kwaɗo wasan yara ne kawai. A Turai da Amurka da Japan akwai mutane masu yawa da ke kiwon kwaɗi cikin akwatunan gilashi a ɗakunansu don sha'awa, kamar yadda ake kiwon kanari a nan, akwai kuma dubban ɗaruruwa da ke tsare a ɗakunan binciken jami'o'i. Wanda ya fi shahara a cikinsu ɗan Afirka ne, masana na kiran sa Zenofus. Ba shi da harshe, yana da ƴan farata baƙaƙe a yatsu uku na kowace ƙafar baya, rayuwarsa duka cikin ruwa take, sai dai ya leƙo ya shaƙi iska ya koma. A shekarun 1930 wasu masana a birnin Keptawun na Afirka ta Kudu suka gano cewa idan aka yi wa macen wannan kwaɗo allurar fitsarin mace mai juna biyu, sai ta saki ƙwai cikin kwana ɗaya. Daga nan aka shiga kwasar su zuwa asibitocin duniya, suka zama ma'aunin gwajin ciki har cikin shekarun 1960. Da wannan kwaɗo ne kuma Jon Gadon na Ingila ya yi bincikensa na 1962 a kan ƙwayar halitta, wanda ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2012. Ɗan Adam ya ci moriyar wannan halitta ƙwarai. A tsawon shekarun nan kuwa, gidan da aka saba ba shi baho ne fayau, babu maɓoya, babu komai sai ruwa, domin shi ya fi sauƙin wankewa da ƙirga abin da ke ciki. An gina gidan ne a kan buƙatar mai tsaro.

Ra'ayin saurayin nan namu yana da tsohon asali, ko ya sani ko bai sani ba. Masanin falsafar Faransa Dekart, a littafinsa na 1637, ya tafi a kan cewa dabba inji ce kamar agogo. Bayan shi da shekara 150 da ƴan kai, Baturen Ingila Bentam ya rubuta a 1789 cewa iya magana da iya tunani ba su ne ma'auni ba, abin dubawa shi ne ko dabba tana shan wahala. A 1872 kuma Darwin ya wallafa littafi guda a kan yadda tsoro da fushi da murna ke bayyana a jikin mutum da na dabba. Mun kawo sunayen nan ne don a ga gardamar ta daɗe a wurinsu, sai dai ita gardamar ta fi zafi idan aka zo kan kwaɗo. Kare yana kaɗa wutsiya, saniya tana kukan ɗan maraƙinta, kowa ya gani. Kwaɗo kuwa fuskarsa ɗaya ce ko a ruwan sanyi ko a bakin maciji. Ba ya hawaye, ba ya yamutsa fuska, ga shi mutane da yawa na ƙyamar sa. Wanda ba a iya karanta fuskarsa, da sauƙi a ce ba shi da zuciya.

Adalci ya wajabta mu faɗi hujjar masu musu da cikakken ƙarfinta, domin ba ƙarama ba ce. Tun 1853 wani masani Bajamushe mai suna Fuluga ya nuna cewa kwaɗon da aka cire wa kai, idan aka ɗiga masa ruwan tsami a fata, yakan ɗaga ƙafa ya goge wurin. Babu ƙwaƙwalwa, amma ga ƙafa tana aiki kamar mai jin zafi. Ashe lakar gadon baya ita kaɗai tana iya wannan. Saboda haka ganin motsi bai isa ya zama shaidar cewa akwai wanda ke ji a ciki ba. A shekara ta 2000 kuma Mishel Kabanak na jami'ar Labal a Kebek ta ƙasar Kanada ya gwada wani abu: ya riƙa ɗaukar wani babban ƙadangare da ake kira iguwana a hannu a hankali, sai bugun zuciyarsa ya tashi, kamar yadda zuciyar mutum ke yi idan ya firgita. Da ya yi wa kwaɗo haka, bugun zuciyarsa bai sauya ba. Shi a fahimtarsa, motsin zuciya ya fara ne daga ƙadangaru zuwa tsuntsaye da masu shayarwa, kwaɗo yana bayan layi.

Amma akwai ɗaya gefen. A shekarun 1980 da 1990 masu bincike a Amurka sun riƙa ɗiga wa kwaɗi masu rai ruwan tsami irin na binega a cinya, suna auna ƙarfin da zai sa su goge. Da aka ba su mofin, maganin da likita ke ba mutumin da zafin ciwo ya gallaba, sai suka daina gogewa har sai an ƙara ƙarfin tsamin. Da aka ba su maganin da ke warware aikin mofin, sai suka koma yadda suke. Ke nan hanyoyin da zafi ke bi a jikinmu, da makullan da ke rufe su, akwai irinsu a jikin kwaɗo. An kuma san cewa idan aka takura shi, jikinsa na sakin wani sinadari mai suna kotikosteron, ɗan uwan wanda jikin mutum ke saki lokacin tashin hankali. Yana koyon guje wa wurin da ya taɓa cutuwa. Kwaɗon da ya taɓa haɗiye zuma ta harbe shi, yakan kawar da kai idan ya sake ganin irinta.

Akwai kuma abin da ya fi ba mu mamaki. A dazuzzukan Amurka ta Tsakiya akwai wata ƴar ƙaramar kwaɗuwa ja, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wadda ke goya ƴaƴanta ɗaya bayan ɗaya ta kai kowane cikin ɗan ruwan da ya taru a gindin ganye, sannan ta riƙa zagayowa tana saka musu ƙwai marasa ɗa su ci, har su girma. A kudancin Afirka kuma namijin wani ƙaton burduddugi yana gadin ƴaƴansa a kududdufi, yana afka wa duk abin da ya matso, idan ruwan ya fara ƙafewa sai ya haƙa ƴar magudana da ƙafafunsa na baya zuwa babban ruwa don su tsira. Shin wannan ƙauna ce? Ba za mu rantse ba. Mai musu zai ce ilhama ce da aka dasa masa. Mu kuma sai mu ce, tausayin uwa ga jaririnta shi ma dasa mata shi aka yi, ba a makaranta ta koya ba, kuma wannan bai hana ta jin sa ba.

Masana na zamani sun matsa a hankali. A 2012 wasu daga cikinsu suka sa hannu a wata sanarwa a Kambirij ta Ingila cewa masu shayarwa da tsuntsaye da wasu halittun teku suna da tushen jijiyoyin da ke haifar da ji da sani. Ba su ambaci kwaɗo ba. Sai a watan Afrilu na 2024, a wata sanarwa ta birnin Niyok, aka ce akwai yiwuwa ta haƙiƙa cewa duk masu ƙashin baya suna ji, har da kwaɗi da kifaye, kuma yin biris da wannan yiwuwar wajen yanke hukunci a kansu sakaci ne. Faransa ma a 2015 ta gyara dokarta ta farar hula, ta rubuta cewa dabbobi rayayyu ne masu ji. Inda maganar ta tsaya a ganinmu shi ne: jin zafi da wani abu mai kama da tsoro, alamunsu a jikin kwaɗo suna da ƙarfi. Kewa da baƙin ciki da ƙaunar mai shi kuwa, babu wanda ya kawo hujja a kansu. Saurayin ya wuce gona da iri, yaron ma haka.

Mu da muka tashi a gaban malamai, wannan magana ba baƙuwa ba ce. Alƙur'ani mai girma, a Suratul An'am, ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamar mu, a Suratun Namli kuma ya ba mu labarin tururuwar da ta gargaɗi ƴan uwanta kada rundunar Annabi Sulaimanu (A.S.) ta tattake su. Abu Dawuda ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu (R.A.) cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴan tsaki biyu na wata tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fukafukai a kansu, da Manzon Allah (S.A.W.) ya gani sai ya nemi sanin wanda ya gigita ta, ya yi umurni a mayar mata da ƴaƴanta. Kalmar da aka ruwaito a nan ita ce wadda Larabawa ke faɗa wa mutumin da aka girgiza da rashin abin ƙaunarsa. Ya kuma ruwaito labarin raƙumin wani mutumin Madina da ya yi nishi idanunsa suka zubar da ruwa, Annabi (S.A.W.) ya shafa bayan kunnensa har ya natsu, sannan ya tsawata wa mai shi a kan yunwa da yawan aiki. Ga kuma ladabin yanka da kowane mahauci ya sani: a wasa wuƙa, kada a wasa ta a gaban dabbar, kada a yanka wata a gaban wata. Ina amfanin ɓoye wuƙa ga abin da bai san tsoro ba?

Shi kansa kwaɗo an ambace shi da suna. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usmanu (R.A.) cewa wani mai magani ya tambayi Annabi (S.A.W.) game da sa kwaɗo cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Da wannan ne malamai da yawa suka haramta cin sa. A mazhabarmu ta Malikiyya an lissafa shi cikin halittun ruwa da aka halatta ci, duk da haka Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, ya ambata a ƙarshen Risala cewa kashe kwaɗi makaruhi ne. Almajirai nawa ne suka biya wannan babi a zaure, suka fita suka wuce yara na jifan kwaɗi a bakin tabki ba su ce uffan ba? Mu ma muna cikinsu. Kakanninmu ma da suka ce duniya juyi-juyi, kwaɗo ya faɗa ruwan zafi, ai ba su yi shakkar cewa ya ji a jikinsa ba.

Sai dai hadisin da ya fi dacewa da mas'alarmu shi ne na matar nan da Buhari da Muslimu suka ruwaito, wadda aka yi wa azaba saboda kyanwa. Mu lura da laifinta da kyau. Ba a ce ta doke ta ba, ba a ce ta yanka ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. Kyanwar da ke yawo a gari, arzikinta yana ga Ubangijinta, babu wanda za a tambaya don ta kwana da yunwa. Ranar da ka rufe mata ƙofa, ka shiga tsakaninta da duk hanyoyin da aka tanadar mata, sai ya zama abin da ƙasa da sama ke ba ta kyauta ya koma bashi a wuyanka. Kuma ba a ɗaga hukuncin ba har sai an gama bincike a kan zuciyar kyanwa. Tsarewar ita ta haifar da haƙƙin.

Wannan bai nuna tsare dabba haramun ne ko ta yaya ba. Ƙanen Anas ɗan Malik (R.A.), yaron nan Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi (S.A.W.) bai hana ba, har ya lallashe shi da tsuntsun ya mutu. Malamai sun ciro halaccin riƙe tsuntsu daga nan, da sharaɗin a tsaya masa da buƙatunsa. To mene ne buƙatun? Izzuddin ɗan Abdussalam, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a Misira a 660 bayan hijira, ya jera haƙƙoƙin dabba a kan mai ita a littafinsa Ƙawa'idul Ahkam. Bayan ciyarwa ko da ta tsufa ba ta da amfani, ya ambaci kada a haɗa ta wuri ɗaya da abin da zai cutar da ita, ko irinta ne ko wani iri, da kuma kyautata makwancinta da mashayarta. Ashe maganar masauki tana cikin fiƙihu fiye da shekara 700.

A nan ne binciken zamani ya kawo wata dabara mai kyau. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tun da dabba ba ta magana, sai a tambaye ta da ƙafafunta. Mariyan Dokins ta jami'ar Okusfod ta yi fice da wannan hanya a shekarun 1970 da 1980, tana buɗe wa kaji ƙofofi biyu ta ga wanda za su shiga, da irin wahalar da za su yarda su sha don su kai gare shi. Da aka juyo kan kwaɗin Zenofus, amsar ba ta yi wuya ba. Idan aka jefa musu guntun bututu cikin baho, sai su shige su yini a ciki. Wani bincike na jami'ar Istanfod a 2007 ya nuna cewa samar da irin wannan maɓoya yana rage raunukan cizo a tsakaninsu. Wani kuma na jami'ar Cesta ta Ingila a 2016 ya kwatanta baho mai farin gindi da mai baƙi, aka tarar waɗanda ke kan fari sun fi kai da kawowa marar dalili, sun fi ramewa, matan cikinsu kuma sun fi sakin sinadarin nan na ƙunci. Dalilin a fili yake. Halitta ce mai duhun baya da ta saba da ruwa mai laka, inda shamuwa da zalɓe ba sa hango ta. A kan farin gindi kuwa kullum a tsirara take. Guntun bututu da ɗan baƙin fenti, kuɗinsu nawa ne? Shekaru da yawa aka yi ba a ba su ba, saboda babu wanda ya tambaya.

Masu kiwon sha'awa su ma suna da nasu kuskure, kuma sau da yawa daga so yake fitowa. Wani ya ƙawata akwati da duwatsu masu launi da fitila mai haske, ya sa shi tsakiyar falo kusa da talabijin, domin idonsa yake son burgewa, alhali wanda ke ciki duhu da shiru yake nema. Wani ya ga kwaɗonsa shi kaɗai, ya tausaya masa, ya kawo masa aboki na wani iri, washegari ya tarar babban ya haɗiye ƙaramin. Na bishiya yana son tsawo da rassa, na ƙasa yana son turɓaya mai danshi da zai nutsa, na ruwa yana son zurfi, kowanne da nasa gida. Idan abincinsu ya rasa sinadarin da ke gina ƙashi, sai ƙasusuwan su yi laushi, muƙamuƙi ya karkace. Wasu kuma suna ta goga hanci a jikin gilashi har ya zama gyambo, domin ba su san katangar da ido ke ratsawa jiki bai ratsa ba. Wanda ya ɗauki kwaɗo kamar inji ya zalunce shi, wanda ya ɗauke shi kamar ɗan mutum shi ma ya cutar da shi, kuma na biyun ya fi wuyar gyara, domin yana ganin alheri yake yi.

Sai dai kada mu ruɗu da wannan dabara ta zaɓi. Idan ka ba ɗan kaso zaɓi tsakanin ɗaki biyu ya ɗauki mai taga, ka san ya fi son taga, ba ka san ya yarda da kaso ba. Kwaɗon da ya zaɓi bututu, cikin abin da muka miƙa masa ya zaɓa, tabki ba ya cikin lissafin. Saboda haka kafin tambayar wane irin gida, akwai tambayar me ya sa aka tsare shi tun farko. Mai neman maganin cuta yana da uzurin da za a saurara, a auna shi, a rage yawan waɗanda ake tsarewa da zafin da suke sha gwargwadon iko. Malamin lekol da ke son nuna wa yara yadda ɗan kwaɗo mai wutsiya ke fitar da ƙafafu, yana iya yin haka cikin ƴan makonni ya mayar da su. Wanda kuwa ba shi da dalili sai a ce yana da abin da wasu ba su da shi, to ya ɗauko wa kansa amanar da babu wanda ya ɗora masa.

Sakin ma yana da nasa ilimi. A wasu yankunan yammacin Faransa da Kalifoniya da ƙasar Cile, kwaɗin Zenofus da suka kuɓuce ko aka zubar sun yaɗu suna cinye ƴaƴan halittun wurin. Fataucin kwaɗi tsakanin ƙasashe ya taimaka wajen yaɗa wata cutar fata mai kashe su, wadda wani babban nazari na 2019 ya danganta ta da raguwar nau'o'i 501, cikinsu 90 ana zaton sun ƙare ƙaf. Don haka wanda ya sayi baƙon kwaɗo ba shi da damar jefa shi a gulbi ranar da ya gaji da shi. Zenofus kuwa yana iya rayuwa shekara 15 ko fiye a tsare. Yaron da ya saye shi yana aji shida, zai yi aure bashin na nan.

Namu na bayan masallaci lamarinsa ya zo da sauƙi, domin ɗan gida ne, daga kududdufin bayan unguwa aka kamo shi. Dattijon ya sa aka ɗebo ruwan kududdufin a ƙwarya, aka juye shi ciki ba tare da an taɓa shi da hannu ba. Yaron da ya ce abokinsa ne shi ya ɗauki ƙwaryar, muka raka shi bayan magariba. Da ya karkata ta a bakin ruwa, kwaɗon ya daɗe bai motsa ba, fatarsa ta yi fari-fari ta wajen ciki. Can sai ya ja jiki ya shige ƙarƙashin ciyawa. Yaron ya tsaya yana jira ko zai waiwayo. Saurayin nan na lekol, wanda ya biyo mu yana cewa kallo kawai ya zo yi, shi ne ya haska masa tocila har aka kira isha'i.